Tsohuwar motar gado a Kumasi: a sayar da ita yadda take, a gyara ta, ko a nema mata kasuwa a waje?

A unguwannin Aboabo, Asawase, Sabon Zongo da Tafo akwai gidajen da mutum zai shiga ya tarar da tsohuwar mota a gefen tsakar gida ko a cikin gareji, an lulluɓe ta da tamfol, tayoyinta sun sace, mai ita ya daɗe da daina hawanta amma bai taɓa yarda a raba shi da ita ba. Idan Allah ya karɓi ransa, wannan mota ce takan fi komai wuyar ƙimantawa a cikin dukiyar da ya bari, domin gida da fili suna da maƙwabtan da za a gwada kuɗinsu da su, abin da ke banki kuma adadinsa a rubuce yake, amma Fijo 404 ko Marsandin da aka ƙera a 1978 ba ta da tsayayyen farashi a kasuwar yau. Wani magaji zai ce tarin ƙarfe ce kawai, a kira masu sayen ƙarafa su ɗauke ta. Wani kuma ya ji labarin Mercedes-Benz 300 SLR mai rufaffen sama ta 1955 da aka sayar a kan Yuro miliyan 135 a watan Mayun 2022, bai kula da cewa guda biyu kacal aka ƙera irinta ba, sai ya ɗauka kowace tsohuwar Marsandi taska ce. Dukansu biyu ba su auna motar da ke gabansu ba, kuma da irin wannan saɓani ne zumunci kan fara tsami.

Kafin a kai ga maganar kuɗi, sai an san wanda yake da ikon sayarwa. A Shari'a ba a raba gado sai an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashin mamaci, an zartar da wasiyyarsa a cikin sulusin dukiya, sa'an nan abin da ya saura ya zama haƙƙin magada bisa rabon da ya zo a aya ta 11 da ta 12 cikin Suratun Nisa'i. Motar ke nan ta kowa ce, har da matar da ke cikin takaba da ƙaramin yaron da bai balaga ba, ba ta babban ɗa ba ce don kawai makullin yana aljihunsa. Dokar Ghana ma tana da nata hukuncin. Idan mutum ya rasu bai bar wasiyya a rubuce ba, dokar gado ta 1985, wadda aka sani da PNDC Law 111, ta lissafa motar hawa cikin kayan gidan da ke zama na mata ko miji da 'ya'ya kaɗai, amma ta cire motar da aka keɓe wa kasuwanci zalla, kamar tasi. Wannan ya saɓa wa rabon Shari'a, inda uwa da uban mamaci suke da sudusi kowannensu idan ya bar ɗa, saboda haka ya kamata iyali su zauna da malamin da ya san ilimin gado da kuma lauya, su rubuta abin da suka amince da shi, kowa ya sa hannu. Bayan haka, sunan marigayi ne a kan takardun motar, kuma mayar da su zuwa sunan mai saye a hukumar rajistar motoci ta DVLA yana bukatar takardar kotu da ta ba wani ikon kula da dukiyar mamaci. Mai saye na ƙwarai zai tambayi wannan takarda tun a ranar farko, wanda bai tambaya ba kuwa sau da yawa da rashinta zai fake daga baya ya karya farashi.

Tsufa kaɗai ba ya ba mota daraja. Abin da masu tara tsofaffin motoci suke biya shi ne ƙarancin irinta, da lafiyar jikinta, da kasancewar kayan da ta fito da su daga masana'anta suna nan a jikinta. Marsandi samfurin W123, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, ta kai kusan miliyan 2.7, kuma mai ƙofa huɗu tana nan da yawa a Jamus ɗin kanta, alhali mai ƙofa biyu ta wannan samfuri ba ta kai 100,000 ba. Fijo 504 ta fito a 1968, an ci gaba da haɗa ta a Kaduna tun daga 1975 har cikin shekarun 2000, don haka mai ƙofa huɗu ba abar nema ba ce a Afirka ta Yamma, amma mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen sama, waɗanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya ƙera jikinsu, suna cikin wani aji dabam. Haka Marsandi SL samfurin W113 ta 1963 zuwa 1971, wadda ba ta kai 49,000 ba, da Volkswagen Beetle mai rababben gilashin baya ta kafin 1953, da Land Rover ta farko-farko, da Toyota Land Cruiser FJ40. Hanyar tabbatar da ko wace ce motar ita ce lambar shasi, ba tambarin da ke bayan but ba, domin tambari ana cire shi a manna wani. A Marsandi W123 lambobi shida na farko suna faɗin samfurin: 123.120 na nufin 200D, 123.123 na nufin 240D, 123.053 kuwa 280CE ce mai ƙofa biyu. Sai a gwada wannan lamba da ta takardu da ta inji, a ɗauki hotonsu duka. A kuma duba gefen da sitiyari yake, tun da yake sai a ranar 4 ga Agustan 1974 ne Ghana ta koma tuƙi a hannun dama, motocin da suka shigo kafin nan da yawa sitiyarinsu a dama yake, wasu kuma an mayar musu da shi hagu daga baya.

Game da lafiyar jiki, tsatsa ce babbar magana, ba inji ba. Inji ana kwance shi a gyara, amma bodin da tsatsa ta cinye ƙasansa aikin walda ne mai cin watanni. Ruwan Kumasi na damina biyu a shekara da iskar teku mai gishiri a Akra ba sa raga wa ƙarfe, musamman motar da ta daɗe a kan ƙasa a ƙarƙashin tamfol, inda laima ke taruwa ba ta fita. A ɗaga kafet a duba ƙasan mota, da ƙasan but, da mazaunin batir, da wuraren da ake sa jak, da kewayen tayoyi. A bi jikin da mayen ƙarfe: inda ya ƙi kamawa, akwai ƙullin cike lotsa a ƙarƙashin fenti. Wannan gwaji ba ya aiki a kan tsohuwar Land Rover, domin jikinta alminiyam ne, shasinta ne ƙarfe, kuma can tsatsar take ɓuya. Abu ɗaya da nake roƙon magada su kiyaye shi ne kada wani ya ɗauko batir ya tayar da injin da ya yi shekaru a kwance don kawai a ji kukansa. Sai bakanike ya cire filogi, ya ɗiga mai a cikin silinda, ya juya injin da hannu ya tabbatar bai cije ba, ya canza baƙin mai, ya zubar da tsohon fetur, kafin a murɗa makulli. Gaggawar minti ɗaya tana iya lalata injin asali, wanda shi ne wani babban kaso na darajar motar.

Shi kuwa farashi, rasit ɗin da marigayi ya sayi motar da shi ba ya faɗin kome a kansa, balle ma da aka cire sifili huɗu daga sidi a watan Yulin 2007. Amfanin rasit shi ne ya tabbatar da tarihi, kuma shi da littafin sabis da tsofaffin hotuna suna ƙara wa motar kwarjini a idon mai saye, don haka kada a jefar da takarda ko ɗaya. Abin da ake rubutawa a shafukan talla irin su Jiji ko Tonaton ko Facebook kuɗin da mai kaya ya sa ne, ba wanda aka sallama a kansa ba, kuma tallar da ta yi watanni ba ta motsa ba shaida ce cewa kuɗin ya yi yawa. Shafukan gwanjo irin su Bring a Trailer na Amurka da Car & Classic na Ingila suna barin sakamakon ciniki a fili, kamfanin Hagerty na Amurka mai ƙimanta tsofaffin motoci kuma yana kasa su aji huɗu, daga wadda ba ta da aibi ko ɗaya zuwa wadda ake hawa da lahaninta. Motar da ba ta tashi ba ta ma shiga aji na huɗun ba, kuma wanda ya ɗauki farashin aji na ɗaya a Amurka ya ɗora wa motar da ke fake a Aboabo ya yaudari 'yan'uwansa ko da bai yi niyya ba. Abin da ya fi kusa da adalci shi ne a kira mutum uku waɗanda ba su san juna ba, tsohon bakaniken da ya san irin motar, da dillali, da wani mai sha'awar tsofaffin motoci, a biya su ladan dubawa, da sharaɗin cewa babu mai saye a cikinsu. Wanda yake son kaya ba ya yi musu kuɗi da gaskiya.

Hanya ta farko ita ce a sayar da motar yadda take a nan gida. Ita ce mafi sauri da ƙarancin haɗari, ba a kuma taɓa dukiyar magada wajen kashe kuɗi. Aibinta shi ne masu sayen irin wannan mota a Ghana ba su da yawa, kuma sun kasu gida biyu waɗanda ba abu ɗaya suke nema ba. Mai neman motar hawa yana jin daɗi idan an riga an sa mata injin Toyota ko Nissan, domin kayan gyaransa suna nan a kasuwannin kayan mota na Suame Magazine a Kumasi da Abossey Okai a Akra. Mai tara tsofaffin motoci kuwa, wannan canjin inji shi ne abin da zai sa ya rage kuɗi ko ya juya baya. Kafin a yi talla sai a san wanne daga cikinsu motar ta dace da shi, kuma idan tsohon injin yana nan a ajiye a wani lungu, a haɗa shi cikin ciniki. Dillali yana da amfani domin ya san masu kuɗin da ke son irin wannan kaya, musamman a Akra inda suka fi yawa, amma a yanke la'adarsa a rubuce tun farko, a kuma dage cewa wakilin magada zai zauna da mai saye ido da ido, saboda inda ba a yi haka ba ne dillali kan ci a wajen mai saye ya kuma ci a wajen mai sayarwa. Tayin da aka kawo a zaman makoki ko ranar addu'ar arba'in bai cancanci a sallama a kansa ba, ko da daga aminin marigayi ya fito, domin a lokacin ba a ƙimanta motar ba, zukata kuma ba su natsu ba. A faɗi kowane aibi da aka sani, domin ɓoye shi algus ne da addini ya hana, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Hanya ta biyu, wato a gyara ta kafin a sayar, ita ce ta fi jan hankali, ita ce kuma na fi jin tsoronta. A nan dole a bambanta tayar da mota da sabunta ta. Tayarwa ita ce a wanke ta da kyau, a sa mata batir da tayoyin da za su riƙe iska, a gyara birki, a wanke tanki da kafireto, a sa injin ya tashi. Wannan aiki kuɗinsa kaɗan ne, kuma yakan dawo da riba, domin motar da mai saye ya ji kukanta ya ga ta motsa ta fi wadda aka ce masa lafiyarta ƙalau da baki. Sabuntawa kuwa ita ce a kwance ta gaba ɗaya, a yi walda, a yi sabon fenti, a ɗinka kujeru, a nemo fitilu da robobin gilashi da ƙarafan ado. A motar da irinta ke da yawa, abin da za a kashe yakan zarce abin da zai ƙaru a farashi, kuma kayan asali sai an yi odarsu daga Turai da kuɗin waje. Ƙwarewar masu aikin hannu na Magazine ba abin musu ba ce, su ne suka riƙe motocin ƙasar nan a kan hanya shekara da shekaru, amma gwanintarsu ta sa mota ta ci gaba da tafiya ce da duk kayan da ya samu, alhali mai tara motoci so yake kowane ƙusa ya zama irin na masana'anta. Sabon fenti mai ƙyalli ma yakan sa shi zargin an rufe tsatsa, ya fi son tsohon fentin asali ko da ya koɗe. Sa'an nan akwai tambayar da ba a cika yi ba: kuɗin wa za a kashe? Idan daga dukiyar gado ne, an sa rabon marayu cikin kasadar da ba su zaɓa ba. Idan ɗaya daga cikin magada ne ya biya daga aljihunsa, gobe zai ce motar ta zama tasa, ko ya nemi a mayar masa da kuɗin da wasu ba su ga rasit ɗinsu ba. A ganina sabuntawa aikin wanda ya mallaki mota shi kaɗai ne, yana yi don so, ba aikin magada ba ne.

Hanya ta uku ita ce neman mai saye a ƙasashen waje, kuma dokokinsu suna taimakawa. Amurka tana barin a shigo da motar da ta cika shekara 25 ba tare da ta cika ƙa'idojin kariya na sababbin motoci ba, Jamus tana ba motar da ta kai shekara 30 lambar tarihi mai harafin H idan tana cikin kamanninta na asali, Ingila kuma tana ɗauke wa wadda ta haura shekara 40 harajin hanya. Motar da sitiyarinta ke dama, wadda ba ta da farin jini a nan, a Ingila daidai take da hanyarsu. Sai dai lissafin yana da wani gefe. Za a biya motar da za ta ɗauke ta daga Kumasi zuwa tashar jiragen ruwa ta Tema, da kwantena, da wakilin da zai bi takardun kwastan, da inshora, da harajin shiga a can, da kamashon masu gwanjo, kuma mafi yawan waɗannan kuɗaɗe ba sa raguwa don motar mai araha ce. Saboda haka a Marsandi 200D mai ƙofa huɗu mai tsatsa, kuɗin hanya na iya cinye ribar dukanta, a SL ko Fijo 504 mai buɗaɗɗen sama kuwa kaso kaɗan ne na farashi. Mai saye na nesa kuma yana rage kuɗi saboda bai ga motar da idonsa ba. Idan lambar shasi ta nuna motar tana cikin masu wuyar samu, hanyar da ta fi aminci ita ce a sayar da ita tana nan Kumasi, mai saye ya turo wanda zai duba masa, ya biya ta banki, ya ɗauki nauyin jigila da kansa. Tura ta wurin ɗan'uwa a Hamburg ko Landan ko Bronx don ya sayar yana iya kawo kuɗi fiye da haka, amma an ɗora masa kuɗin ajiya da zargin waɗanda suke gida idan ciniki ya yi jinkiri. Duk wanda ya turo shaidar biyan kuɗi fiye da yadda aka yi ciniki, ya ce a mayar masa da ragowar ko a biya wani wakilin jigila nasa, ɗan damfara ne, a yanke magana da shi.

Hanya ta huɗu, wato sayar da ita gunduwa-gunduwa, sai ga motar da shasinta ya ruɓe ko takardunta suka gagara. Ko a nan ma a fara cire fitilu, da bamba, da gilasai, da agogunan gaban direba, da giyabos, a sayar da su dabam, domin masu sayen ƙarafa nauyi suke biya.

Akwai hanya ta biyar wadda iyalai kan manta da ita, wato ɗaya daga cikin magada ya saye rabon sauran. Ita ce ta fi dacewa idan motar ba ta da babbar daraja a kasuwa amma tana da ita a zuciyar wani, kuma Shari'a ta yarda da ita matuƙar kowa ya amince da son ransa. A ƙaddara, don misali kawai, masu ƙima uku sun tsaya a kan sidi 80,000, marigayi ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mata uku, iyayensa kuma sun riga shi rasuwa. Matar tana da tumuni, sidi 10,000. Ragowar 70,000 za a kasa bakwai, kowane namiji ya sami 20,000, kowace mace 10,000. Ɗan da yake son motar zai biya sauran 60,000 ke nan. Haɗarin wannan hanya kunya ce: ƙanwa ba ta iya kallon wanta ta ce, "Yaya, kuɗin nan ya yi kaɗan," uwa kuma takan ce ta yafe don a zauna lafiya. Shi ya sa ya kamata a yi ƙimar kafin kowa ya bayyana sha'awarsa, a kuma biya kuɗin a gaban shaidu maimakon a bar shi bashi. Baligi yana da ikon yafe rabonsa bayan ya san adadinsa, amma ba wanda yake da ikon yafe na yaro ƙarami.

Idan aka jera hanyoyin nan, ga motar da irinta ke da yawa na fi ganin a tayar da ita da ɗan kuɗi kaɗan, a fara yi wa magada tayinta a kan ƙimar da aka tsayar, in ba mai so a fitar da ita kasuwar Kumasi da Akra yadda take. Ga mai wuyar samu kuwa, kada a taɓa fentinta ko kujerunta, a ɗauki hotuna masu yawa har da na wuraren tsatsa, a ba ta watanni a nemi masu saye a gida da waje, a bar su su yi gasa a tsakaninsu. Ranar ciniki a yi shi da sidi idan a cikin gida ne, domin dokar musayar kuɗi ta 2006 ta hana sa farashi da kuɗin waje ba da izinin Babban Bankin Ghana ba. Kada a miƙa makulli a kan kafin alƙalami ko saƙon waya, sai banki ya tabbatar kuɗin sun shiga asusu, sa'an nan wakilin magada ya raka mai saye ofishin DVLA a sauya suna, don kada wani haɗari ko laifi ya biyo sunan marigayi. Kuɗin kuma a raba su nan da nan, ganin cewa hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 54 cikin 100 a watan Disambar 2022, kuma kuɗin da aka ajiye ana jiran wani zaman iyali raguwa suke yi. Rabon yara ƙanana a rubuta adadinsa da sunan wanda aka damƙa wa amanarsa, a ba uwarsu kwafin takardar.